Idan magani ya daina ci: a ci gaba da antibayotik ko a nemi fej?

Takardar sakamakon da ake karɓowa daga lab ba ta da yawan magana. A sama sunan ƙwayar cutar da aka gano ne, a ƙasa jerin magunguna, kowanne da harafi ɗaya a gabansa. In S ne, maganin na kashe ta. In R ne, ta fi ƙarfinsa. Akwai gidaje a Jos da suka riƙe irin wannan takarda suka ga R tun daga sama har ƙasa, in ban da guda ɗaya ko biyu, su ma allurai ne da sai dangi sun yi karo-karo kafin a sayi na kwana uku. A irin wannan hali ne wani ɗa ko ƙane mai yawan bincike a waya kan zo da labarin cewa a ƙasashen waje ana amfani da wani bairas da ke cinye ƙwayoyin cutar da suka gagari magani. Labarin ba ƙarya ba ne. Wuyar ita ce sanin wane mara lafiya ne zai amfana, da kuma ko ya dace a janye ɗan abin da ke hannu daga jinyar da ake kai a bi waccan hanya.

Gara in faɗi matsayata tun yanzu. Ga akasarin waɗanda ke kwance a asibitocin Jos yau, antibayotik ɗin da aka zaɓa bisa gwaji, tare da tiyata in ta kama, shi ne abin da hujja ta fi ƙarfi a kansa, kuma shi ne a kusa. Wancan bairas ɗin, da ake kira fej, yana da gurbinsa, sai dai gurbin ƙarami ne: ciwon da ya daɗe yana cin mutum a hankali, aka san ainihin ƙwayar da ke haddasa shi, likitoci kuma suka ƙure dabararsu. Ko a nan ɗin ma, abin da aka gani zuwa yanzu shi ne fej ya fi cin nasara idan an haɗa shi da antibayotik.

Matsalar ba ta rainawa ba ce. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta fitar a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai, bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma da hannunsu a mutuwar kusan miliyan 5. Yankin da abin ya fi ƙamari shi ne Afirka ta Yamma, inda ake rasa kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Kason Najeriya a wannan lissafi ya kai kusan 64,500 kai tsaye. Yadda muka kai nan kuwa ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa a kemis a Gangare ko Anguwar Rogo ya ga ana sayen kafso biyu na Ampiclox saboda mura, ko ya ga an fasa ja-da-yalo an barbaɗa a miki, ko ya ga gwajin Widal ya ce taifod ne an sake ɗora mutum kan sipro bayan wanda ya gama watan jiya. Ga kuma gonakin kajin da suka kewaye garin, inda da yawa ke zuba magani a ruwan shan tsaki tun ranar farko. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, da bakinsa ya yi gargaɗi a 1945 cewa shan maganin da bai kai ƙima ba horar da ƙwayar cuta yake yi ta saba da shi.

Yadda kowanne ke kisa

Antibayotik sinadari ne da ke dukan wani sashe da bakteriya iri-iri suka yi tarayya a kansa. Fenisilin da seftriyazon suna hana ta gina bangon jikinta, jentamaisin ya tsayar mata da ƙera sinadaran da take rayuwa da su, sipro ya hana ta kwafar sinadarin gadonta. Shi ya sa magani ɗaya kan kashe nau'o'i da dama, kuma wannan babbar ni'ima ce: likita zai iya fara allura da tsakar dare tun bai san sunan abin da yake yaƙa ba. Amma abin da ya ba shi wannan ƙarfi shi ne kuma aibinsa. Ba ya bambance mugu da nagari, yakan share har bakteriyar hanji masu amfani. Waɗanda suka tsira kuwa masu dabara ne, wata ta fitar da sinadarin da ke lalata maganin, wata ta yi famfon da ke tunkuɗo shi waje. Abin da ya fi muni, suna iya miƙa wa juna wannan dabara ko da jinsinsu ba ɗaya ba ne.

Fej bairas ne da ba ya iya kama ƙwayoyin jikin ɗan Adam, bakteriya kaɗai yake kamawa. Yakan manne a wani gurbi na musamman a bayanta, ya ɗura mata sinadarin gadonsa, ya tilasta mata ƙera irinsa, sau da yawa kafin awa guda ta fashe, gommai ko ɗaruruwan sababbi su fito su nemi na kusa. Wato maganin yana hayayyafa a daidai inda ciwon yake, in abincinsa ya ƙare jiki ya share shi. Babu halittar da ta kai shi yawa a doron ƙasa, masana na ƙiyasta adadinsa da 1 mai sifili 31 a bayansa. Yana cikin turɓaya, yana cikin hanjinmu, yana da yawa ƙwarai a ruwan kwata. Wanda ya ɗebi kofi ɗaya daga kogin Dilimi ya ɗebo shi.

Sai dai yana da tsananin zaɓe. Fej ɗin da ya kashe bakteriyar Klebsiella ta wannan mara lafiya zai iya wuce ta maƙwabcin gadonsa ko kallonta bai yi ba, alhali suna ɗaya aka rubuta a takardunsu. Antibayotik riga ce ɗinkakkiya da za ka shiga Taminus ka saya ka sa nan take, ko da ta ɗan yi maka yawa. Fej ɗinkin tela ne, sai an auna ka, an samo yadin, ka kuma jira. Awon shi ne a ciro ƙwayar cutar daga jikin mara lafiya, a raya ta a lab, a riƙa ɗiga mata fej iri-iri har a ga wanda zai cinye ta. In ba a yi haka ba, duk abin da aka ba mutum caca ce.

Kuma ba kowane fej ne ke kisa ba. Akwai masu shiga su lafe a cikin bakteriya, har su ƙara mata sharri. Gubar da ke sa mai kwalara zawo har ya bushe, da gubar mashaƙon da ya addabi Arewa a 2023, dukansu wani fej ne ya kai wa bakteriyar umarnin ƙera su. Don haka cibiyoyin da suka san aikinsu sai sun karanta sinadarin gadon kowane fej tsaf, sun kuma tace shi daga dattin bakteriyar da aka raya shi a cikinta, kafin ya kusanci jijiyar mutum. Raya fej ba tsada gare shi ba. Tacewar nan da tantancewa su ne ke cin kuɗi da ƙwarewa.

Ba sabon abu ba ne. Frederick Twort a Ingila ya lura da shi a 1915, Félix d'Hérelle a Faris a 1917, kuma a 1919 d'Hérelle ya ba yara masu atini suka sha. A 1923 aka kafa cibiyar binciken fej ta Eliava a Tibilisi, babban birnin Jojiya, tana nan har yau. Da fenisilin ya wadata a shekarun 1940, Turai ta Yamma da Amurka suka watsar da fej, Tarayyar Sobiyet da Folan suka ci gaba. A Jojiya da Rasha ana sayar da haɗe-haɗensa a kantin magani, a birnin Wroclaw na Folan kuma akwai sashen jinya da shi tun 2005.

Abin da aka gani a jikin marasa lafiya

Labarin da ya dawo da fej bakin duniya na Tom Patterson ne, malamin jami'a a San Diyego ta Amurka, wanda ciwo ya kama a Masar a ƙarshen 2015. Ƙwayar Acinetobacter baumannii ce, ta bijire wa duk abin da aka gwada, har ya shiga doguwar suma. Matarsa Steffanie Strathdee, masaniyar yaɗuwar cututtuka, ta bi masu bincike ɗaya bayan ɗaya har aka samo fej daga wata jami'a a Teksas da kuma ɗakin binciken sojan ruwan Amurka. A watan Maris na 2016 aka sa masa ta jijiya, cikin 'yan kwanaki ya farfaɗo. Masu ba da labarin sukan tsallake abu biyu. Ba a daina ba shi antibayotik ba, sannan ƙwayar ta bijire wa fej ɗin farko, sai da aka sake nemo wani.

A Landan kuma, a 2018, ƙwayar Mycobacterium abscessus, 'yar uwar ta tarin fuka, ta bazu a jikin wata yarinya 'yar shekara 15 bayan an yi mata dashen huhu. Sai da aka bincike babban rumbun fej na Jami'ar Pittsburgh kafin a sami guda uku da suka dace. Ɗaya daga ruɓaɓɓen gauta aka samo shi a Durban ta Afirka ta Kudu, sauran biyun kuma sai da aka gyara sinadarin gadonsu. Ta sami sauƙi ta koma gida, amma ƙwayar ba ta bar jikinta gaba ɗaya ba.

Ina ɗaukar waɗannan labarai da muhimmanci, rayuka ne aka ceto. Amma labarin wanda ya tashi ne ke yawo, wanda aka ba bai tashi ba ba ya shiga jarida. Shi ya sa na fi dogara da rahoton asibitin soja na Sarauniya Astrid da ke Burasels a Beljiyam. A 2024 suka buga bayanin marasa lafiya 100 a jere da aka yi wa jinya da fej ɗinsu tsakanin 2008 da 2022, a asibitoci 35 na ƙasashe 12, dukansu masu ciwon da ya yi wuyar magani. A kimanin kashi 77 cikin 100 na ciwukan an sami sauƙi, a kashi 61 an kawar da ƙwayar ɗungurungum. Abin da ya fi komai nauyi a rahoton shi ne, inda ba a haɗa da antibayotik ba, damar kawar da ƙwayar ta ragu da kusan kashi 70. Sannan ba a ware wani rukuni da ba a ba fej ba don a kwatanta, saboda haka ba wanda zai rantse cewa fej ne ya yi duk aikin.

Inda aka yi irin wannan kwatance kuwa, sakamakon ya sanyaya gwiwa. A Faransa da Beljiyam an gwada haɗin fej 12 a kan ƙunar wuta da bakteriyar Pseudomonas ta shiga, aka kwatanta da man shafawar da aka saba da shi. Mutum 27 kacal aka samu, aka dakatar da gwajin a 2017, kuma fej ne ya fi jinkirin aiki. Da aka bincika sai aka tarar ƙarfinsa ya zube tun yana cikin kwalba, abin da ya isa jikin marasa lafiyar bai kai kashi ɗaya cikin dubu na abin da aka nufa ba. A Dhaka ta Bangaladash an ba yara masu gudawa suka sha, bai cutar da su ba, bai kuma ƙara komai a kan ruwan gishiri da suga da zink ba. A Tibilisi kanta, gwajin da aka buga a 2021 a kan maza masu ciwon mafitsara ya nuna fej bai gaza antibayotik ba, amma bai fi wanke mafitsara da ruwan da babu magani a ciki ba.

Wannan ne ya sa hukumar magunguna ta Amurka da ta Tarayyar Turai ba su yi wa fej rajista a matsayin maganin mutane na gama-gari ba. A Amurka izini na musamman ake nema wa kowane mara lafiya. Beljiyam kuma tun 2018 ta ba mai haɗa magani a asibiti damar haɗa wa mutum nasa bisa rubutun likita. Antibayotik kuwa, duk da raunin da ya yi, kimanin shekara 80 ke nan ana gwada shi ana rubutawa. An san ƙimarsa, an san kwana nawa za a sha, an san yadda ake rage wa jariri ko mai ciwon ƙoda.

Ciwon zai jira ko ba zai jira ba?

Wannan ce tambayar da ke raba gardama. Jaririn da ya ƙi kama nono jikinsa ya yi rau, mai jegon da zazzaɓi ya rufe bayan tiyata, mai sanƙarau, dattijon da ƙwayar cuta ta shiga jininsa har ya fara fita hayyacinsa, waɗannan da awa ake musu lissafi. Samo fej ɗin da ya dace kan ɗauki kwanaki ko makonni ko da a cibiyar da ke da rumbunsa, balle a ce sai an tura samfur daga Jos zuwa wata ƙasa da takardun izini da kwali na musamman. A nan babu zaɓi biyu. A ɗauki jini don gwaji kafin allurar farko, a fara antibayotik nan take, in sakamako ya fito bayan kwana biyu ko uku a gyara.

Inda fej ke da ta cewa shi ne ciwon da ya zauna. Ɗauki matashin da ya yi haɗari a Hawan Kibo, ƙafa ta karye, aka fara kai shi wurin mai ɗori, daga baya aka sa masa ƙarfe a asibiti, yau shekara guda wurin na tsiyayar da ruwa. Bakteriya kan gina wa kansu wani yauƙi mai kauri a jikin ƙarfe da mataccen ƙashi, su lafe a ciki, antibayotik ya kasa ratsawa. Wasu fej na ɗauke da sinadarin da ke narkar da wannan yauƙi, kuma ana iya zuba su kai tsaye a wurin yayin tiyata. Irin wannan ciwo, da ciwon mafitsara mai dawowa duk wata, da kunne mai zubar ruwa shekara da shekaru, da huhun da Pseudomonas ta yi wa zaman dirshan, irinsu ake kai wa cibiyoyin fej.

A nan ne kuma nake son a yi hattara sosai, don a nan aka fi asarar kuɗi. Ciwuka da yawa da ake cewa sun gagari magani, wuƙar likita suke jira. Mataccen ƙashi jini ba ya zuwa masa, babu allurar da za ta isa wurin. Mugunyar da ta taru sai an fasa. Robar fitsarin da ta yi wata uku sai an canja. Gyambon mai ciwon suga ba zai rufe ba matuƙar sugan na sama yana kuma taka ƙafar, sannan galibi bakteriya fiye da iri ɗaya ne a ciki, kowace da fej ɗin da take buƙata. Na san yadda iyali ke razana da jin kalmar tiyata, su bi duk hanyar da ta yi alkawarin ba za a yanka ba. Amma likitocin da ke aiki da fej a kan ƙashi su ma da cire mataccen nama suke farawa.

Wasu cututtukan ma ba sa cikin lissafin sam. Fej ba ya taɓa zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon hanta na bairas, ko ƙaiƙayin da fangas ke kawowa. Taifod da tarin fuka bakteriya ne ke kawo su, amma suna ɓuya a cikin ƙwayoyin jikinmu inda fej ke shan wuyar isa. Mai tarin fukan da ya bijire wa magani yana da hanyar da ta fi, nesa ba kusa ba: tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin ƙwayoyin haɗiya na wata shida, kuma maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Ta fuskar illa, fej ne ke gaba. Magungunan da ake komawa gare su idan R ta yi yawa ba su da daɗi. Kolistin an jingine shi shekaru da dama saboda yadda yake taɓa ƙoda, dole ce ta dawo da shi. Amikasin da jentamaisin na iya kashe ji, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Fej ɗin da aka tace da kyau, a yawancin rahotannin da aka buga, illarsa ba ta cika wuce ɗan zazzaɓi ko jan fata a wurin ba, kuma ba ya share bakteriyar hanji. Rauninsa a wani wuri yake. Garkuwar jiki na iya gane shi ta fara kashe shi bayan 'yan makonni, ita ma bakteriyar tana koyon kauce masa, wani lokaci cikin kwanaki.

Kaucewar nan kuwa wani sa'in alheri take zama. Masu bincike a Jami'ar Yale sun samo wani fej daga wani tafki a jihar Connecticut da ke manne wa Pseudomonas a daidai bakin famfon da take tunkuɗo antibayotik da shi. In ta canja famfon don ta tsira daga fej, antibayotik ya same ta a buɗe. In ta bar shi, fej ya cinye ta. A 2016 an yi amfani da shi tare da seftazidim a kan wani dattijo da ciwo ya kama robar jijiyar da aka dasa masa a ƙirji, ciwon da ya yi shekaru ana fama, kuma ya warke. Saboda haka duk wanda ya ce maka ka ajiye allurarka ka koma fej, bai fahimci abin da yake tallatawa ba.

Sai batun aljihu

Fej ba magani ba ne da likita zai rubuta maka a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Jankwano, ko Asibitin Ƙasa na Abuja, ka sauka famasi ka karɓa. Aikinsa a Najeriya yana matakin bincike. Hanya biyu ce ta rage. Ɗaya a tafi Tibilisi, inda ake karɓar baƙi: biza, jirgi daga Abuja da canji a hanya, masauki na makonni ga mara lafiya da mai jinya, duka da kuɗin waje, ba kuma tabbacin za a sami fej ɗin da ya dace. Ɗayar kuma likitan da ke duba mara lafiyar ya rubuta wa cibiya irin ta Burasels, ko ta San Diyego da aka buɗe a 2018, a tura ƙwayar, in an dace a aiko da maganin. Wannan na buƙatar likita mai himma, yardar kwamitin ɗa'a na asibiti, izinin NAFDAC, da firijin da wuta ba ta yanke masa. Mara lafiya yana gaban danginsa, ba kuɗin jirgi da masauki, amma likita ne ke buɗe wannan ƙofa, iyali ba sa iyawa su kaɗai.

Kafin a kai ga ɗayansu, a tambayi likita kan sababbin antibayotik. Seftazidim-abibaktam ya fito a 2015, sefiderokol a 2019, an yi su ne don irin ƙwayoyin da suka fi ƙarfin manyan allurai kamar meropenem. Suna da tsada da wuyar samu, amma an gwada su a kan ɗaruruwan marasa lafiya a gwaji na kwatance, kuma shigo da maganin da duniya ta yi wa rajista ya fi ɗaukar mara lafiya zuwa Jojiya sauƙi.

Mun ga yadda “staf” ya zama kasuwa, motoci da lasifika suna tsorata mata da maza kan ƙwayar da ke zaune lafiya lau a fata da hancin mutane da yawa masu ƙoshin lafiya. Fej ma ranarsa na zuwa. Duk wanda ya tallata maka kwalba a WhatsApp ko Facebook, bai nemi ƙwayar mara lafiyarka ba, bai nemi magana da likitansa ba, ya kuma ce tana maganin komai, ka riƙe kuɗinka.

Da ni ke jinyar ɗan'uwa a wannan hali, kuɗin farko na gwaji ne. Zan ce, “Likita, don Allah an ɗauki samfur kafin a fara wannan allurar? Daga can cikin mikin aka ɗauka ko daga sama?” Audugar da aka shafa a saman gyambo takan kwaso ƙwayoyin da ke zaune a fata ne kawai, ba masu laifin ba. Nama ko ƙashin da aka ciro a ɗakin tiyata ya fi faɗin gaskiya. Zan nemi a haɗa ni da likitan ƙwayoyin cuta na asibitin koyarwa ya duba takardar, don akan sami maganin da ba a sa a jerin gwajin ba, ko guda biyu da ke aiki in an haɗa su. Zan tambaya ko akwai abin cirewa ko na fasawa. Sannan zan roƙi lab su adana ƙwayar a firiji mai tsananin sanyi, domin a al'ada da an rubuta sakamako lalata farantin da aka raya ta a kai ake yi, kuma ba a ɗinka wa mutum fej ba tare da ita ba. In an yi duk wannan, an cika kwanakin magani ba tsallake, ciwon ya ƙi tafiya, to a lokacin ne maganar fej ta zama magana.

Abin da ke ci mini rai shi ne aikin nan bai fi ƙarfin Filato ba. Akwai masu bincike a Jami'ar Jihar Filato da ke Bokkos, da wasu a Jami'ar Ibadan, da ke zaƙulo fej daga turɓaya da ruwan kwatarmu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana nan tun 1924, raya ƙwayoyin cuta da ƙera rigakafi sana'arta ce. Hukumar NCDC ta jagoranci fitar da tsarin ƙasa na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta a 2017, aka sabunta shi a 2024, kuma a taron ministoci kan wannan matsala da aka yi a Jidda a watan Nuwamba na 2024 Najeriya aka ba karɓar baƙuncin taro na gaba. Rumbunan fej na Turai galibi a kan ƙwayoyin asibitocinsu aka tara su. Klebsiella ta ɗakin jarirai a Jos tana iya buƙatar fej ɗin da ke cikin kwatar Jos.

A ganina wurin farawa shi ne kaji. Amurka ta amince da fesa fej a kan nama don kashe bakteriyar Listeria tun 2006, gwaji a gonar kaji ya fi gwaji a jijiyar mutum sauƙi, kuma duk ledar antibayotik ɗin da aka daina zubawa a ruwan tsaki ragi ce ga ƙwayoyin da ke ƙarewa a gadon asibiti. Daga nan ma'aikatan lab su goge a tacewa da adanawa, asibitocin koyarwa su fara tara ƙwayoyin da suka gagare su maimakon lalatawa, NAFDAC kuma ta rubuta ƙa'idar da za ta ba likita damar nema wa mara lafiya guda, irin wadda Beljiyam ta yi a 2018.